FIM DA NA'URA: In dikoda ta ƙi ganin rumbu, kada a danna "Format"

A zamanin kaset, lokacin da samari ke layi a shagon haya don karɓar Sangaya ko Wasila, iyakar tashin hankalin ɗan kallo shi ne bidiyo ta cinye zare. A kwance, a warware, a liƙe da salatif, a ci gaba da kallo. Yau kuwa finafinai ɗari uku na iya kwana a ɗan rumbun nan mai girman tafin hannu da masu shago ke kira had-dis, kuma ranar da ya yi gardama duk tare suke tafiya.

Haka ta kusa faruwa da wani matashi mai gidan kallo a Makarfi. Benci ya cika, ana jiran Labarina, shirin nan na Aminu Saira da ya fara fita a 2020, sai dikoda ta nuna ba ta san da wani rumbu ba. Aka cire aka mayar, aka hura, aka sake sokawa. Can sai ta rubuta "Format?" Yaron shago har ya ɗora yatsa kan rimot, maigidan ya fizge. Da ya danna, da komai ya goge, har da bidiyon bikin ƙanwar maigidan, wanda babu kwafinsa a ko'ina. Wannan tambayar ba tayin gyara ba ce, neman izinin share rumbu ne ƙarƙaf.

Sau da yawa rumbun lafiyarsa ƙalau, yunwar wuta ce ke damunsa. A cikinsa akwai faifai da ɗan inji mai juya shi, kuma lokacin tashi yakan nemi wuta kusan ninkin abin da ramin USB na tsohuwar dikoda ke bayarwa, wato rabin amfiya a kan bolt 5. Shi ya sa filas ke aiki a ramin da rumbu ya ƙi, don filas ba shi da abin juyawa. Alamar ita ce 'yar fitilarsa ta riƙa kawowa tana ɗaukewa, ana jin ƙis-ƙis kamar agogo. Maganin: gajeriyar waya mai kauri, ko waya mai kai biyu a soka ɗaya a cajar wayar hannu, ko mahaɗar USB mai tata cajar. Doguwar wayar nan ta araha ita ce babbar mai laifi.

In wuta ta wadata amma shiru, to sai a duba yare. Kowane rumbu da tsarin da aka rubuta shi: FAT32, NTFS ko exFAT. Masu tura finafinai a Ikara ko Hunkuyi da kwamfuta suke aiki, ita kuwa duka ukun tana ji. Dikoda ba haka take ba. Tsofaffi da yawa FAT32 kawai suka sani, wasu su ƙara da NTFS, exFAT kuwa ba kowacce ba. Shi kuma FAT32 ba ya ɗaukar fim guda da ya haura giga 4. Rumbun da ya wuce tera 2 ma yawancin tsofaffin dikodoji ba sa ganinsa sam, don haka ba kullum babba ne ya fi ba. In dole sai an canza tsarin, a fara kwashe komai zuwa kwamfuta tukuna.

Sai kuma 'yan NEPA. In suka ɗauke ana tsakiyar naɗar shiri, ko aka fizge rumbu daga kwamfuta ba a sallame shi ba, lissafin cikinsa yakan rikice. Wannan Windows na iya gyarawa da umarnin chkdsk, amma shi ma bayan an kwashe abin da ya fi muhimmanci.

Masu manyan talabijin irin Samsung da LG su sani, shirin da talabijin ta naɗa da kanta a kulle yake, ita kaɗai ke buɗe shi. Kai shi gidan aboki ɓata lokaci ne. Furodusoshin da ke kuka da masu satar fasaha dai wannan kam ya yi musu daɗi.

Amma in a kwamfuta ma ƙis-ƙis ɗin yake yi, a cire shi nan take. Kada a buga shi da hannu kamar tsohuwar rediyo, kada a kwance shi a gida, ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta karce faifan. A kai wa masu gyara a PZ ta Zariya ko Farm Centre a Kano, a kuma faɗa musu ƙarara cewa abin da ke ciki ake so, ba rumbu fanko ba.

Na mutumin Makarfi dai waya ce. Washegari ya sayo mai kai biyu a Zariya, dikoda ta gane rumbun nan da nan. Bidiyon bikin yanzu yana wuri uku: rumbu, filas, da wayar amaryar a Kudan.