Kada A Yi Wa Tsohuwar Kwamfuta Jana'iza Da Sauran Ranta

Sanin kowa ne cewa a yawancin shaguna da ƙananan ofisoshin ƙasar nan, tun daga masu buga takardu har zuwa dillalan magunguna da na kayan gini, kwamfutar da ke kan tebur ba sabuwa ba ce. Akasari ta hannu ce, irin wadda ake shigowa da ita daga Turai da Amurka, a sauke a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, daga nan ta bazu cikin ƙasa. Ranar da ta ƙi tashi kuwa, shawara biyu mai shago kan samu: ko ya sayi wata, ko a yi mata fomatin. A ganina duka biyun gaggawa ce, ta biyun ma ta fi haɗari.

Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 1shekarar 2023, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, alhali yawancin cututtukan tsohuwar kwamfuta maganinsu ba shi da tsada. Abin da ake bukata shi ne a bi su daki-daki, daga mai arha zuwa mai tsada, bayan an zare wayar wuta.

Idan an danna makunni ko fanka ba ta motsa ba, a fara duba waya da soket, sannan akwatin da ke raba wuta a cikin injin. Shi ne ke shan wahalar hawa da saukar lantarki da sauyawa zuwa janareta, kuma ana canza shi shi kaɗai. Idan fanka na juyawa amma allo ya yi duhu, inji na ta ƙara "ɗit, ɗit", sau da yawa sandar RAM ce ta saki. A cire, a goge, a mayar, in biyu ne a gwada ɗaya bayan ɗaya. Idan kullum kwanan wata na komawa baya, ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu. Wannan ɗan abu kan sa shafin banki ya ƙi buɗewa, mai shago ya yi ta zargin kamfanin intanet a banza. Injin da ke aiki na ɗan lokaci sannan ya mutu da kansa kuwa, zafi ne. Duk wanda ya buɗe shi bayan hunturu ya ga ƙurar da ta toshe fanka, ba sai an yi masa bayani ba.

Inda ya kamata a dakata shi ne faifan ajiya. Da zarar ya fara ƙas-ƙas, ko inji ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba, to, magana ta bar kan ƙarfe ta koma kan jari, domin a nan ne sunayen masu bashi da lissafin kaya da takardun haraji suke. Fomatin zai share su duka. Mai gyara yana son fomatin ne saboda shi ya fi sauri, ga wasu na jira a layi. Ba shi ne zai bi bashin da ba shi da shaida ba. Hakkin mai shago ne ya dage a cire faifan, a jona shi da wata kwamfuta, a kwashe bayanan a gabansa, kafin a taɓa komai. Bayan haka a sa sabon faifai irin na SSD, wanda kan ƙara wa tsohon inji sauri ƙwarai.

Sai dai gyara ma yana da iyaka. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi Windows 11 na bukatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 wadda tsofaffin injina da yawa ba su da ita. Saboda haka injin da ake hulɗar banki da shi, ko dai a sauya shi, ko a mayar da shi kan Linux. Wanda aikinsa buga takardu da lissafin kaya ne kawai, ba tare da intanet ba, a haɗa shi da UPS, a riƙa kwafe bayanansa a filashi duk ranar Juma'a, ya ci gaba da aikinsa.