Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ja hankalinmu kan wani al'amari da muke rainawa, wato inda muke ajiye 'yan guntayen rubuce-rubucenmu. Karin maganar da wani ya jiyo a bakin dattijo a Sabo, jerin kalmomin da aka yi wa alamar karin sauti, fassarar da aka kwana ana gyarawa, duk a zauren WhatsApp muke zuba su. Bayan mako biyu ka neme su ka rasa, gaisuwar Juma'a da tallan atamfa sun binne su.

A ra'ayina, ya kamata sashenmu ya mallaki 'yar ƙaramar saba tasa ta kansa. Saba dai kwamfuta ce da ake bari a kunne domin wasu su riƙa ajiya da ɗauka a cikinta. Wadda nake nufi aikinta ɗaya ne tak: ka liƙa rubutu, ta ba ka gajeren adireshi, ka tura wa wanda kake so ya karanta. Masu rubuta manhaja sun daɗe da wannan dabara, domin shafin Pastebin yana nan tun 2002, kuma akwai manhajoji na kyauta irin su PrivateBin da kowa zai iya ɗorawa a kan na'urarsa.

Wani zai ce, to me ya hana mu yi amfani da na kamfanoni? Amsa ita ce mai abu yakan karɓe abinsa ranar da ya ga dama. An rufe GeoCities a 2009, an rufe Yahoo Groups a Disamban 2020, kuma ba a nemi shawarar waɗanda suka shekara suna ajiya a can ba.

Mu ɗaliban harshe muna da wani dalilin na daban. Sau nawa aka turo mana takarda muka tarar ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna ko alamar tambaya? Mai bugawa ya gaji ya zubar da lanƙwasa, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Ga wanda ya tashi da Hausa wannan ba komai ba ne, zai gane daga jimla. Amma a ajinmu akwai Bayarabe da Ibo da suke koyon harshen daga takarda, kuma abin da suka gani shi za su haddace. Tsurar rubutu da aka ajiye da tsarin UTF-8 yana riƙe waɗannan haruffa da alamomin karin sauti yadda aka buga su.

Batun kuɗi ba ya tsorata ni. Tsohuwar kwamfutar ofis ta isa, ko kuma Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, girmanta kamar katin banki. Rubutu ba shi da nauyi, gigabait 1 zai ɗauki shafuka dubbai barkatai.

Abin da ke damuna shi ne wuta da kuma mai kula. Wuta batir da ƙaramar sola za su rage matsalarta. Mai kula kuwa, idan ɗalibi ɗaya ne ya san kan abin, ranar da ya tafi bautar ƙasa saba ta zama marainiya. Don haka nake ba ƙungiyarmu shawara ta damƙa kalmar sirri a hannun malami guda, a koya wa ɗalibai biyu 'yan aji biyu kowace shekara, a kuma riƙa kwafe komai a filashi duk ranar Juma'a.