Ƙullutun da ba ya ciwo



"Ai ba ya mini ciwo." Da wannan magana mutane da yawa a Yola da Jimeta suke shekara da shekaru da ƙullutu a jiki. Ranar da ya ishe su kuwa, wajen wanzami suke nufa a tsaga.

Gaskiya ne, sau da yawa kitse ne kawai ya taru a ƙarƙashin fata. Amma mu mazauna ƙasar koguna ne. Wanda ya yi noma ko su a kwarin kogin Hawul, ko a wani rafi mai gudu, ya san ɗan baƙin ƙudan nan mai cizo da rana. Shi ke ɗauke da tsutsar da ke dunƙulewa ta zama ƙullutu mai tauri a ƙugu, a haƙarƙari ko a gwiwa. Uwar tsutsar takan wuce shekara 10 a ciki tana haihuwa, 'ya'yan su bazu cikin fata su kawo ƙaiƙayi, har su kai ga ido. Makantar da take haifarwa ba ta warkewa, alhali maganin cutar, wato Mectizan, kyauta ake ba da shi tun 1987.

Kuturta ma takan fito da ƙulle-ƙulle a kunne da fuska, ba zafi ba raɗaɗi. Asibitin Garkida ya daɗe da sanin haka, kuma magani na wata 6 zuwa 12 yana warkar da ita. Gyambon Buruli da ɗan ƙullutu yake farawa. Wani ƙullutun kuma gadonsa ake yi, wani ciwon daji ne.

Ido da yatsa ba sa rarrabe waɗannan, ko da na likita ne. Sai an kankari fata ko an yanki ɗan nama an duba da madubin gwaji. A nan nake roƙon ma'aikatan lafiyarmu: duk ƙullutun da aka cire, kada a jefar da shi, a tura ɗakin gwaji, ko da sai an kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Ku kuma tambayi majinyaci inda ya taɓa zama, domin mazaunin Jimeta na yau wataƙila a bakin rafi ya tashi.

Kai kuma ɗan'uwa, in an cire maka, ka koma ka karɓi sakamakon.