Zancen Iyali: Daga Katsina Zuwa Gonakin Inabi

A Faransa, iyali sukan yi hayar mota mai gado da murhu a cikinta, su yi kwanaki suna zaga gonakin inabi. Mu a Katsina ba mu da irin wannan mota, amma gonakin inabi ba su yi mana nisa ba.

A Kudan suke, arewa da Zariya, cikin Jihar Kaduna. Wanda ya tashi daga birni sai ya bi ta Malumfashi da Funtuwa, ƙasar auduga, ya sauka Zariya, sa'an nan ya nufi Hunkuyi. Yaranmu sun san inabi a farantin mai talla kaɗai. Can za su ga kuringa a kan waya, su ga yadda manomi yakan datse rassanta domin ta ƙara ba da 'ya'ya. Da wannan aiki Yesu ya yi misali cikin Yohanna sura 15, yaron da ya gani da idonsa kuwa ba zai manta ba.

Amma fa hanyar tana bukatar hankali, gama 'yan bindiga sun sha tare matafiya a kudancin Katsina. Mu fara tambayar direbobi a tasha. Mu tashi bayan gari ya waye, mu sauka kafin la'asar. Kada mu kwana cikin mota kamar Turawan can. Mu nemi masauki wurin 'yan'uwa a Wusasa ko Zariya. In direbobi suka ce hanya ba lafiya, mu ɗaga tafiyar. Inabi zai sake nuna baɗi.