Kukan Jariri Magana Ce

Mai jego, na sha ganin jariran da aka yi wa ɗuren bauri ko maganin barci don su yi shiru. Wannan kuskure ne, gama ɗure yakan shaƙe yaro. Har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi. In ya yi kuka, ki ba shi nono, ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki goya shi. Kada ki girgiza shi.

Amma in jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko maɗigarsa ta faɗa, maigida, kada ka jira dare. Ka kai shi asibitin Isa ko na Sabon Birni tun da rana.