An Kori Minista, An Bar Mana Bashi

'Yan'uwa makiyaya, da fataken shanu, da dillalai, da mahauta na Nima da Maamobi da kasuwar Turaku ta Ashaiman. A wannan fitowa ina so mu ajiye zancen allurar shanu da takardar ƙetare iyaka, mu dubi wata magana da yawancinmu ke ɗauka ta 'yan boko ce, wato maganar wutar lantarki da mai. Wani zai ce, to ina ruwan mai sanda da lantarki, shi da ke kwana a ruga da tocila? Ai kuwa da ruwansa. Duk bashin da manya suka ciwo da sunan wuta, a kan litar dizal ake ɗora shi, ita kuwa litar dizal a kan doron saniya take sauka.

Bari mu tuna baya. Daga 2012 zuwa 2016 ƙasar Ghana ta sha abin da aka laƙaba wa suna dumso, har ta kai a 2015 ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Mahauta sun zubar da naman da ya lalace a firji, mata masu sayar da nono da burkina a Nima sun yi asara, masu injin niƙa sun zauna suna korar ƙuda. Ministan wuta na lokacin, Kwabena Donkor, ya yi alkawarin in bai kawar da dumso kafin ƙarshen shekara ba zai sauka, ya kuma sauka ranar 31 ga Disamba 2015. A shekarar ce kuma Shugaba John Mahama ya shaida wa 'yan Ghana mazauna Botswana cewa shi fa ya zama matacciyar akuya wadda ba ta tsoron wuƙa, zanga-zanga ba ta ɗaga masa hankali. Mu da muka san akuya, mun san matacciya ba ta ba da nono.

Cikin wannan ruɗani ne gwamnatin NDC ta sa hannu a 2015 da wani kamfanin Dubai mai suna AMERI. Kamfanin zai kawo injunan wuta guda goma masu ba da megawat 250, a girka su a Aboadze kusa da Takoradi, Ghana ta biya dala miliyan 510 cikin shekara biyar, sannan injunan su zama nata. Ba a jima ba wata jaridar ƙasar Norway mai suna VG ta tono cewa irin waɗannan injuna ana samun su a kan dala miliyan 220. Jam'iyyar NPP, wadda a lokacin take adawa, ta cika gari da ihu cewa an cuci ƙasa. Da ta hau mulki a 2017, sabon ministan makamashi, Boakye Agyarko, ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin lauya Philip Addison, kwamitin ya ce an yi aringizon dala miliyan 150. Muka ce to madalla, ga masu gyara sun iso.

Ashe gudun gara za a yi a faɗa gidan zago. A tsakiyar 2018 sai ga ministan da sabuwar yarjejeniya a gaban majalisa, wadda za ta miƙa injunan ga wani kamfanin ƙasar Girka, Mytilineos, har tsawon shekara 15. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. An riga an biya rabin tafiya, saura kamar shekara biyu da rabi injunan su zama namu. Kamar mutum ne ya sayi sa bashi, ya biya rabin kuɗin, sai dillali ya zo ya ce masa, bari in sauƙaƙa maka, ka bar san a hannun wani shekara 15 kana biyan kuɗin haya. Wane bafatake ne a Turaku zai yarda da wannan ciniki? Manyan ma'aikatan hukumar VRA mai kula da madatsar Akosombo su da kansu suka fito suka ce ba su amince ba. Shugaba Akufo-Addo ya riga ya ba da amincewarsa a ƙarshen watan Yuli, amma da wuta ta yi zafi, ranar 6 ga Agusta 2018 ya sallami ministan da takarda mai layi kaɗan.

To daga nan fa? Shiru kake ji. Ba a gurfanar da ministan gaban alƙali ba, ba a kuma fito an wanke shi ba. A 2023 ma sai ga shi cikin masu neman NPP ta tsayar da su takarar shugaban ƙasa. Ni ban ce ya ɗauki ko pesuwa ɗaya ba, wannan aikin kotu ne. Abin da nake cewa shi ne, in ya yi laifi, me ya hana a hukunta shi? In kuwa bai yi ba, wa ya tsara takardar, wa ya kai ta teburin shugaban ƙasa, kuma don me aka kore shi? Waɗanda suka sa hannu a cinikin farko na 2015 fa, wa ya tsare su a kan dala miliyan 150 ɗin nan? Korar minista ba ta mayar da ko sisi cikin baitulmali.

Yanzu ku auna wannan da abin da ya same mu a cikin shekarar nan ta 2018. A watan Janairu, bayan an harbi wasu jami'an tsaro a yankin Agogo, gwamnati ta tura sojoji da 'yan sanda ƙarƙashin shirin da suke kira Operation Cow Leg, aka bi shanu da harsashi a daji. Ƙungiyarmu ba ta taɓa kare wanda ya harbi mutum ko ya tura shanu gonar wani da gangan ba, a kama shi a hukunta shi. Amma saniyar da aka bindige ba a tambayi mai ita ko shi ne mai laifin ba, ba a kai shi kotu ba, ba a biya shi diyya ba. Saniya ta ci ganyen ayaba, hukuncinta kisa nan take. Ciniki ya ci miliyoyin daloli, hukuncinsa takardar sallama. Wannan wace irin shari'a ce?

Kada wani ya ɗauka AMERI ce kaɗai. A watan Maris 2019 aka miƙa kamfanin rarraba wuta na ƙasa, ECG, ga wani kamfani mai suna PDS. Kafin watan Yuli ya ƙare aka dakatar da shi saboda takardun lamunin da ya kawo ba su da inganci, aka soke yarjejeniyar a Oktoba, Amurka kuma ta janye tallafin dala miliyan 190. A shekarar ce ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya shaida wa majalisa cewa ƙasar na biyan fiye da sidi biliyan biyu da rabi kowace shekara a kan wutar da ba ta sha ba, domin an rubuta a yarjejeniyoyin cewa ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya. Bashi ya yi ta hawa kan bashi, har a 2025 ministan kuɗi Cassiel Ato Forson ya ce bashin ɓangaren makamashi ya kai dala biliyan 3.1.

Wa ke biya? A ƙarshen 2015 majalisa ta yi dokar harajin makamashi, aka ɗora shi a kan mai, aka ce don a biya basussukan wuta ne. A 2021 gwamnatin NPP ta ƙara pesuwa 20 a kan litar fetur da dizal, da pesuwa 18 a kan kilon gas na girki, ga kuma pesuwa 10 na harajin shara. A watan Yuli 2025 gwamnatin NDC ta ɗora sidi guda cur a kan kowace lita, jama'a suka sa masa suna harajin dumso. Hujjarsu ita ce sidi ya yi ƙarfi, farashin mai ya sauko, don haka ba za a ji zafi ba. Wato ɗan sauƙin da Allah ya kawo wa talaka ma sai da aka gutsure shi. Wannan jam'iyya ta ɗora, waccan ta zo ta ƙara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga yadda abin ke iso mana. Saniyar da ake yankawa a Accra galibi daga Burkina Faso, ko Mali, ko Nijar, ko arewacin Ghana take fitowa. Daga Paga zuwa Turaku tafiyar kimanin kilomita 800 ce, ta Bolgatanga, Tamale, Kintampo, Techiman da Kumasi, kuma ba jirgin ƙasa a wannan hanya, sai tirela mai shan dizal. A farkon 2022 litar dizal wajen sidi 7 take, kafin watan Nuwamba ta haura 23. Mai mota ya ƙara kuɗin lodi, ba kuwa laifinsa ba ne. Mahauci a Maamobi ya ce ba zai iya ƙarawa ba, domin mai sayen nama ya koma sayen kifin firji. To ina bafatake zai fanshe? Sai ya koma kasuwar ƙauye ya rage kuɗin da yake taya wa makiyayi. Wani kuma don ya rage kuɗin mota sai ya cusa shanu fiye da kima, ɗaya ta faɗi a tattake ta, a sauke mushe a Turaku. Gwamnati za ta ce yaƙin Rasha da Yukiren ne da faɗuwar sidi. Mun ji, akwai wannan. Amma harajin da ke kan lita ba a Rasha aka rubuta shi ba, a majalisar Accra aka ɗaga masa hannu. Kuma ƙasar nan tana haƙo ɗanyen mai tun Disamba 2010, ga matatar Tema da aka gina tun 1963 ta shafe shekaru a kwance ana shigo da tataccen mai da dala.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko ciwo, domin ba a ganin ta sai ta yi ɓarna. A 2013 aka janye tallafin gas na girki, daga baya aka bi shi da haraji. Matar da ke dafa wake da shinkafa ko tuwon zafi a bakin titin Nima, in tukunyar gas ta ƙare ba ta da kuɗin cika ta, gawayi za ta koma, ta sayi na ƙulli yau, gobe ma ta sake. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin gidajen Ghana da itace ko gawayi suke girki. Mahauta ma da yawa da tsohuwar taya suke babbaka ganda, su shaƙi hayaƙin, hukuma ta zo tana yi musu faɗa, alhali ba ta tambayi nawa ake cika tukunyar gas ba.

Wannan gawayi daga ina yake zuwa? Daga Kintampo, da Atebubu, da filayen Afram, da ƙasar Gonja, da ƙasar Sisala, wato daidai inda shanunmu ke kiwo. Kowane makiyayi ya san cewa idan rani ya tsananta, ciyawa ta ƙone, ganyen maɗaci da kawo da madobiya ke riƙe garke har ruwa ya sauka. Mai gawayi kuwa itace mai nauyi yake nema, ba ya barin ko kaɗanya. Ɓarnar ta kai har sarakunan Gonja suka hana sana'ar gawayi ta kasuwanci a ƙasarsu a 2021. In itace ya ƙare, garke zai gangara bakin rafi inda manomi ya yi shukar rani, daga nan sai rigima, daga rigima sai soja. Rediyo zai ce Fulani ne. Ba wanda zai bi sawun maganar har ya kai ga tukunyar gas da ta gagari wata baiwar Allah a Maamobi. Mai gawayi ma talaka ne irinmu, yunwa ce ta ba shi gatari. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba roƙo ba ne, haƙƙinmu ne. A cire haraji daga kan gas na girki. Gwamnati ta ce tana son rabin jama'ar ƙasa su koma girki da gas kafin 2030, to ba a kiran kare da sanda a hannu. A buga dukkan yarjejeniyoyin wuta a fili kafin a sa hannu, a karanta su a rediyo da Hausa da Fulatanci da Dagbani da Twi, tunda mu ne masu biya. A fito da lissafin harajin makamashi tun daga 2016, nawa aka tara, wa aka biya, nawa ya saura, kuma wace rana za a daina karɓa. Duk ministan da aka kora a kan ciniki, na kowace jam'iyya, a miƙa takardunsa ga mai gabatar da ƙara na musamman, a wanke shi ko a ɗaure shi.

Mu kuma akwai namu aikin. Kowane mai gida a Turaku da kowane shugaban reshe ya sami littafi, ya riƙa rubuta kuɗin lodi daga Paga da Bawku, da farashin dizal na ranar, da yawan shanun da suka mutu a hanya. Ranar da za mu zauna da hukuma, da littafi za mu shiga, domin 'yan boko ba sa jin kuka sai alƙalami. Sannan idan zaɓe ya matso, 'yan siyasa za su cika Nima da buhunan shinkafa da sukarin azumi da san layya, san da a hannunmu suka saye shi. Ku karɓe su da mutunci, ku ba su wurin zama, amma ku tambaye su nawa ne haraji a cikin litar dizal, kuma wa ya biya dala miliyan 150 na AMERI. Akufo-Addo gidansa a Nima yake, ya yi shekara takwas yana mulki, maƙwabtakar ba ta cika mana tukunyar gas ko ɗaya ba. Wanda ke kan kujera yanzu ma kada mu saurara masa don ya iya gaisuwa da Hausa.

Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya kare mana dukiyarmu a daji da kan hanya, ya ba mu damina mai albarka, amin.