Mai gadin da ya ɗauki baƙi ƴan gida

Ɗan kasuwar da ya sa mai gadi a ƙofar sito yakan yi barci da minshari. Haka masu kwamfuta suka saki jiki da katangar tsaron da kamfanin Microsoft ya gina cikin Windows XP, wanda ya fito a 2001. Aikinta ta tsare ƙofofin na'ura, ta hana duk saƙon da ba a gayyata ba shigowa daga intanet.

Amma da fari katangar a kashe take zuwa, sai mai na'ura ya kunna ta da hannunsa. A watan Agusta na 2003 tsutsar Blaster ta bi ta ƙofa mai lamba 135, ta shiga na'urori masu ɗimbin yawa, tana kashe su tana tayarwa. Sabili da haka, a Agustan 2004 kamfanin ya fitar da babban gyara mai suna Service Pack 2, inda katangar ke zuwa a kunne.

Ba a jima ba mujallar PC-Welt ta ƙasar Jamus ta tona wani ɓaraka. Idan mutum ya buɗe takardunsa don abokan aiki na biro ɗaya kaɗai su gani, sannan ya hau intanet ta layin tarho, wani lokaci katangar takan lissafa duniya baki ɗaya cikin ƴan gida. Ba ta faɗi ba, ba a kuma haura ta ba. Kuskuren gane maƙwabci ta yi. Sai a Disamban 2004 aka toshe wannan kafa.

Darasin bai tsufa ba. Littafin bashin ɗan kasuwa da dosiyen albashin ma'aikata yanzu cikin na'ura suke kwana, kuma ɓarawonsu ba ya fasa kwado, ba ya barin sawu. An daina aiko wa Windows XP gyara tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020. Duk kafar da aka gano cikinsu bayan nan, yawanci a buɗe take zama.

Saboda haka wajibi ne shugaban ma'aikata da mai kanti su tambayi mai kula da na'urorinsu abu uku: ko katangar na kunne, waɗanne takardu aka buɗe kuma ga wa, da ranar da aka sa gyara na ƙarshe. Mai gadi ya cancanci amana, amma maigida mai hankali yakan zaga da dare ya taɓa kwado.